Mahmood Mamdani da Tambayar Wane Ne Ɗan Gari



An nemi in yi magana a kan ɗaya daga cikin masana falsafar siyasa na zamaninmu, aka bar mini zaɓi, ni kuwa na ɗauki Farfesa Mahmood Mamdani na ƙasar Yuganda. Wasunku sun fara jin sunan gidan ne a watan Nuwamba na 2025, lokacin da mutanen New York suka zaɓi ɗansa Zohran ya zama magajin garinsu. Yau dai zancen uban za mu yi, domin shi ne ya shafe fiye da shekara hamsin yana bin diddigin wata tambaya da ta ci rayuka a Kigali da Darfur, ta kuma ci a Jos da Zangon Kataf: wa ke da ikon cewa wannan ɗan gari ne wancan baƙo ne, kuma a ina ya samo wannan iko?

Ba a littafi ya tsinci tambayar ba, a jikinsa ya fara jin ta. An haife shi a 1946 a Bombay ta Indiya, wadda yanzu ake kira Mumbai, amma a Kampala ya tashi, cikin gidan Musulmi 'yan asalin Indiya da suka daɗe a gabashin Afirka. Kampalar ƙuruciyarsa gari ne da Turawan Ingila suka kasa gida uku, Bature a sama, Ba'indiye a tsakiya, baƙar fata a ƙasa, kowa da unguwarsa da makarantarsa. A 1963 ya sami gurbin karatu a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka. A 1965 ya bi motar ɗalibai zuwa Montgomery ta jihar Alabama, inda baƙaƙen fata ke zanga-zangar neman 'yanci, aka kama shi aka kulle. Ya sha ba da labarin cewa bayan an sake shi jami'an FBI sun same shi a ɗaki suna tambayar ra'ayinsa a kan Karl Marx, alhali bai san mutumin ba, kuma tambayar tasu ce ta tura shi laburare neman littattafansa.

A 1972 ya koma gida yana koyarwa a Jami'ar Makerere, yana kuma haɗa binciken digirin digirgir ɗinsa na Harvard, wanda ya kammala a 1974. Cikin watan Agusta na 1972 ɗin nan Idi Amin ya ba Indiyawan Yuganda kwana 90 su fice. Dubun dubatar mutane suka bar gidaje da kantuna, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa taka Indiya ba. Mamdani ya tsinci kansa a sansanin 'yan gudun hijira a Ingila. Daga can ya wuce Jami'ar Darussalam ta Tanzaniya a 1973, zamanin Mwalimu Julius Nyerere, lokacin da jami'ar ke tafasa da muhawarar irin su Walter Rodney da Issa Shivji. Da Amin ya faɗi a 1979 ya koma Kampala, sai kuma a 1984, yana wurin wani taro a Dakar, gwamnatin Milton Obote ta soke masa zama ɗan ƙasa saboda sukar da yake yi mata. Sau biyu ke nan hukuma ta zauna ta yanke cewa shi baƙo ne a garin da ya girma. Bai sake komawa ba sai a 1986, bayan Museveni ya ci yaƙi ya kama mulki. Daga baya ya koyar a Jami'ar Cape Town daga 1996, ya koma Jami'ar Columbia ta New York a 1999, ya kuma jagoranci cibiyar binciken zamantakewa ta Makerere daga 2010 har tsawon shekara goma sha biyu.

Abin da nake girmama shi a kai shi ne yadda ya karɓi korar nan. Wani da ya ƙare rayuwarsa yana tsine wa Amin. Shi kuwa sai ya tambayi abin da ya fi ciwo: me ya sa talakawan Yuganda da yawa suka yi murna da korar? Ya amsa da cewa mulkin mallaka ne ya ajiye Ba'indiye a matsayin ɗan tsakiya mai gata, wanda doka ta ɗaga shi bisa baƙar fata ta kuma hana shi zama ɗan gida. Amin ya tarar da rabon a shirye, ya juya shi ne kawai.

Littafin da ya fito da sunansa duniya shi ne Citizen and Subject na 1996, kuma a kansa zan ɗan daɗe, domin labarinmu na ciki. Tambayarsa ita ce, ta yaya 'yan tsirarun Turawa suka iya riƙe miliyoyin mutane? Ya ce sun yi ne ta hanyar gina hukuma mai fuska biyu. A birni akwai dokar zamani, da kotu mai lauya, da 'yancin kafa ƙungiya da jarida, amma wannan na Bature ne, sai ɗan abin da ya ɗiga wa 'yan boko. A karkara kuwa aka bar jama'a a hannun abin da aka kira dokar gargajiya, aka kasa su ƙabila-ƙabila, kowace ƙabila da ƙasarta da sarkinta da al'adarta. Mutumin birni ɗan ƙasa ne mai haƙƙi, na karkara talakan sarki ne mai biyayya. Shi sarkin nan kuma an tara masa abin da a ƙasar Turawa ba a taɓa tara wa mutum ɗaya: shi ke kafa doka, shi ke shari'a, shi ke karɓar haraji, shi ke raba gona, shi ke tara mutanen aikin tilas, gidan yari ma nasa ne. Mamdani ya kira wannan mulkin danniya da aka rarraba zuwa ƙananan hannuwa. Talaka bai cika ganin Bature ba, ɗan'uwansa yake gani da bulala.

Daga nan ya yi wata magana da ta girgiza masana a Afirka ta Kudu. Su a ganinsu mulkin wariyar launin fata wata annoba ce tasu su kaɗai. Shi ya ce a'a, yankuna goma da gwamnatin farar fata ta ware wa baƙaƙe bisa ƙabila, kowanne da sarakunansa, tsarin mulki ne ta hannun sarakuna da aka kai maƙura, irin wanda aka yi a sauran nahiyar. Ya ƙara da cewa da aka sami 'yanci, ƙasashen Afirka sun kawar da fifikon launin fata a birni, amma ba su rushe danniyar karkara ba. Wasu, kamar mu, sun riƙe tsarin ƙabila da sarakuna. Wasu sun rushe sarakuna suka maye gurbinsu da jami'an jam'iyya ɗaya, ke nan hannun ne ya sauya, dunƙulewarsa na nan.

Ku lura da wani abu. Mutumin da ya rubuta wa wannan tsari littafin koyarwa shi ne Frederick Lugard, Gwamna Lugga namu. A Indiya aka haife shi, a 1890 shi ne ya kafa sansanin soja a kan tudun Kampala, sannan ya zo nan ya ci Kano da Sakkwato a 1903. Abin da ya gwada a Arewa shi ya zuba a littafinsa na 1922, kuma Donald Cameron, wanda ya yi aiki a Najeriya, ya ɗauki tsarin En'e ya kai Tanganyika a 1925. Indiya, Yuganda, Arewa: hanyar da Lugga ya bi ita ce hanyar da tunanin Mamdani ya bi daga baya. A littafinsa Define and Rule na 2012 ya nuna cewa tushen abin boren Indiya ne na 1857. Da Turawa suka ga yunƙurin mayar da mutane Turawa ya haifar da tawaye, sai wani masanin shari'a, Henry Maine, ya ba su sabuwar dabara: ku daina ƙoƙarin sauya su, ku ce kuna kare al'adarsu, amma ku ne za ku rubuta mece ce al'adar, ku ne za ku faɗi wane ne ɗan ƙasa na asali.

Iyayenmu da ke zaune a nan ba sa bukatar a fassara musu wannan. Sun san En'e da baitulmalinta, da kotun alƙali, da dogarai da 'yan doka, da gidan yarinta. Sun san jangali, sun ji labarin mutanen da aka ɗiba ala tilas zuwa haƙar kuza a Filato lokacin yaƙin duniya na biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san nasu, dokar da ta ba kwamandan Faransa ikon ɗaure mutum ba shari'a, wadda ba a soke ta ba sai a 1946. Kuma ba sai da Mamdani ya zo muka san akwai matsala ba. A watan Agusta na 1950 aka kafa NEPU a Kano, su Malam Aminu Kano suka sa kalmar talakawa a tsakiyar siyasa, kuma a shekarar ce Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul.

Sai dai a nan ina da ja da Farfesa, kuma ba ni kaɗai ba. Bayaninsa ya fi zama daidai a inda Bature ya ƙirƙiro sarki daga babu, kamar ƙasar Ibo, inda aka ba wasu mutane takardar sarauta, har matan Aba suka tayar musu a 1929. Kano da Katsina da Zazzau da Borno ba haka suke ba. Lugga ya tarar da sarauta mai ɗaruruwan shekaru, da alƙalai masu hukunci da littattafan Malikiyya, da daular da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya assasa tun 1804. Wanda ya ce Bature ne ya ƙago wannan ya yi wa tarihi ƙarya, kuma idan ɗalibi ya karanta Mamdani da gaggawa zai iya faɗawa wannan rami. Amma in aka natsu, za a ga abin da ya rage na hujjarsa ya ishe mu. Kafin 1903 sarki yana da waɗanda yake shakka: Sarkin Musulmi da Wazirinsa, da masu zaɓen sarki, da malamai, da kuma talakan da zai iya kwashe iyalinsa ya yi ƙaura in zalunci ya yi yawa. Bayan 1903 shakkar ta koma kan mutum ɗaya, Razdan. Wanda ya ƙi Bature ya sauka, kamar yadda aka tuɓe Sarkin Katsina Yero a 1906 aka naɗa Muhammadu Dikko. Wanda ya bi kuwa ya sami ƙarfin da kakanninsa ba su taɓa samu ba, domin bindigar Ingila na bayansa. Aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumomi, aka kuma ɗora wasu a kan al'ummomin da ba Musulmi ba, irin na kudancin lardin Zazzau, waɗanda da yawansu ba a taɓa mulkarsu kai tsaye haka ba. Rawanin tsoho ne, amma ikon da ke ƙarƙashinsa sabo ne.

Wanda yake ganin wannan duk tarihi ne da ya wuce, ya dubi Ruwanda. A littafinsa When Victims Become Killers na 2001, Mamdani ya tsaya a kan abin da kowa ke gudu: kisan ƙare-dangin 1994, inda aka hallaka mutum kusan 800,000 cikin kwana ɗari, ba sojoji kaɗai suka yi shi ba, maƙwabta ne da adduna. Me zai sa manomi ya sari wanda suke harshe ɗaya, coci ɗaya, wani lokaci ma surukinsa? Ya ce Hutu da Tutsi sun wanzu kafin Turawa, har mutum kan iya tashi daga wannan ya koma wancan in ya yi arzikin shanu. Turawa ne suka zo da tatsuniyar cewa Tutsi wani jinsi ne da ya gangaro daga wajen Habasha, Turawan Beljiyam kuma suka fifita su a makaranta da sarauta, sannan a farkon shekarun 1930 suka rubuta wa kowa jinsinsa a katin shaida, ƙofar ta rufe. Da juyin 1959 ya zo ya kawar da fifikon Tutsi, 'yan siyasar Hutu ba su yi watsi da tatsuniyar ba, suka rungume ta suka ce to tunda baƙi ne su koma inda suka fito. Mai kisan 1994 bai ɗauki kansa yana kashe maƙwabci ba, ya ɗauka ɗan ƙasa ne yana korar ɗan mamaya.

Akwai wani ɓangare na labarin da shi ya fi kowa saninsa, don a gabansa aka yi. 'Ya'yan Tutsin da suka yi hijira Yuganda, irin su Fred Rwigyema da Paul Kagame, sun yi yaƙi tare da Museveni har ya kama mulki. Da fari sabuwar gwamnati ta ce zama a wuri shi ke ba mutum haƙƙi. Da rikicin filayen kiwo ya taso, sai aka koma tambayar kakan wa aka haifa a nan. Waɗanda suka zubar da jini don Yuganda suka wayi gari baƙi, kuma a ranar 1 ga Oktoba 1990 suka ƙetara iyaka da makamai suka shiga Ruwanda. Rufe ƙofa a wata ƙasa ya buɗe yaƙi a wata.

Yanzu mu dawo gida. Kusan duk ɗalibin da ke zauren nan yana da takardar indijin a cikin fayil ɗinsa, wadda shugaban ƙaramar hukuma ya sa wa hannu bayan mai unguwa da dagaci sun shaida. Ba ta tambayar inda aka haife ka, ko inda kake biyan haraji, ko inda ka binne mahaifiyarka. Inda kakanka ya fito take tambaya. Da ita ake samun gurbin karatu da rangwamen kuɗin makaranta da aikin gwamnati da shiga soja. Tushenta a doka shi ne tsarin raba-daidai da ya shiga kundin tsarin mulki a 1979, ya kuma zarce cikin na 1999, inda sashe na 147 ya ce sai an naɗa minista daga kowace jiha kuma ya kasance ɗan asalinta. Niyyar mai kyau ce, kada mu manta. An fito daga yaƙin basasa, Arewa na baya a boko, ana tsoron wani yanki ya cinye gwamnati. Amma Mamdani ya lura da abin da ya biyo baya. Jihohi sun tashi daga 12 a 1967 zuwa 36 a 1996, ƙananan hukumomi sun kai 774, kuma duk lokacin da aka ja sabon layi, wasu da suka kwana 'yan gida sai su tashi baƙi. Kasuwa da neman abinci suna tura ɗan Najeriya ya bar garinsu, doka kuma tana hukunta shi don ya tafi.

Jos ce misalin da ya fi yi mana zafi. Hausawa sun zauna can tun farkon haƙar kuza, fiye da shekara ɗari. Berom da Anaguta da Afizere suna cewa ƙasar kakanninsu ce. Da aka ƙirƙiro Jos ta Arewa a 1991, tambayar wa zai riƙe kujerar da ke ba da takardar indijin ta zama ta rai da mutuwa. An yi rikici a 1994 a kan naɗin shugaban riƙo, an yi na Satumban 2001 wanda ya ci rayuka kusan dubu, an sake a 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi. A Sudan ma, a 2022, ɗaruruwan mutane sun mutu a jihar Blue Nile bayan Hausawan can, waɗanda kakanninsu suka zauna tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, sun nemi a ba su tasu sarautar gargajiya, domin a tsarin da Ingila ta bari mai sarauta shi ke da ƙasa. Zuciyarmu na ƙuna idan muka ji waɗannan, kuma ya kamata ta yi. To amma wanzami ba ya son jarfa. Yaron da aka haifa a Sabon Garin Kano, aka haifi ubansa a nan, Hausa a bakinsa kamar tamu, sunansa Chinedu ko Tunde, shi wa ke ba shi takarda? Hujjar da muke kafawa a Jos ita ce tasa a Kano, ba mu da damar karɓar ta can mu ƙi ta nan.

Abin da ya fi faranta mini rai a aikin Mamdani shi ne, da ya tashi neman wanda ya riga shi rusa wannan tunani, Zariya ya zo. Babin ƙarshe na Define and Rule ya tsaya ne a kan mutum biyu, Nyerere da marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, Allah ya jiƙansa. Dakta Bala, a bincikensa na tarihin Katsina, ya nuna cewa zama Bakatsine ba jini ba ne. Gari ne ke tara mutane daga ko'ina, sana'a da aure da zaman tare su narkar da su. Ba sai mun je nesa ba, sunayen unguwannin cikin ganuwar Kano sun isa shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Arewacin Afirka suka zauna. Jikokinsu yau Kanawa ne, ba mai tambayar su takarda. Tsohon birni yana haɗiye baƙo cikin tsatso biyu ko uku. Sabon Gari kuwa, wanda Bature ya kafa a bayan ganuwa da dokarsa daban, an gina shi ne don kada a haɗiye kowa. Saboda haka idan wani ya ce mana raba ɗan gari da baƙo har abada al'adarmu ce, mu tambaye shi tun yaushe.

Zan bi ta kan littattafai biyu da sauri, ko da yake su aka fi karantawa a wajenmu. Good Muslim, Bad Muslim ya fito a 2004, bayan harin 11 ga Satumba 2001. Ya ƙalubalanci masu cewa a cikin al'adar Musulmi za a nemo dalilin ta'addanci, ya ce a nemo shi a tarihin yaƙin cacar baka, lokacin da Amurka, bayan ta sha kashi a Vietnam, ta koma yaƙi ta hannun wasu a Angola da Nikaragwa da Afganistan. Mutanenmu na son littafin don ya taɓa Amurka, amma darasinsa ya fi haka faɗi, domin ya hana mu ma mu ce halin wata ƙabila ne satar shanu ko garkuwa da mutane, ya tilasta mana tambayar gona da burtali da kotu da makami. Na Darfur kuwa, wanda ya fito a 2009, ya nuna yadda rabon ƙasa bisa ƙabila ya bar makiyayan raƙuma ba su da tasu, fari ya zo ya tura su kudu. Tarihin da ya kawo yana da ƙarfi. Amma masu sukarsa sun ce zafin da ya yi wa 'yan fafutukar Amurka ya fi wanda ya yi wa gwamnatin Umar al-Bashir, kuma a ganina suna da gaskiya a nan. Wanda aka ƙone wa ƙauye yana da haƙƙin a ambaci sunan wanda ya ba da umarni.

Wannan ya kawo mu maganarsa mafi nauyi, wadda ya tattara a Neither Settler nor Native na 2020. Ya ce bayan an zubar da jini hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta Nuremberg, inda bayan yaƙin duniya na biyu waɗanda suka ci yaƙi suka gurfanar da shugabannin Nazi. Wannan hanya tana hukunta mutane ɗai-ɗai, amma tana barin tunanin da ya haifi laifin, wato cewa kowace ƙasa ta wata al'umma ɗaya ce, saura 'yan alfarma ne. Ta biyu ita ce ta Afirka ta Kudu, inda daga 1991 maƙiya suka zauna teburi ɗaya suka sake rubuta wane ne ɗan ƙasa, har aka yi zaɓen 1994. Ya ce abin ya yiwu ne don tun a shekarun 1970 su Steve Biko sun koya wa baƙaƙe da Indiyawa da masu ruwa biyu su ɗauki kansu abu ɗaya, wasu fararen ɗalibai kuma suka shiga ƙungiyoyin ƙwadago. Shi a wurinsa, wanda aka zalunta da wanda ya yi zalunci da wanda ya tsaya kallo duk waɗanda suka tsira ne, kuma tunda ba mai barin ƙasar, gyaran siyasa shi ne gaba da ramuwa. Ra'ayin da ya kai ke nan kwamitin binciken Tarayyar Afirka a kan yaƙin Sudan ta Kudu a 2014, wanda Cif Olusegun Obasanjo ya shugabanta, inda ya rubuta nasa rahoton daban.

Ba magana ce mai sauƙin haɗiya ba. Uwar da aka yanka wa ɗa a Jos ko a Zamfara, ka ce mata ita da makashin duk waɗanda suka tsira ne, ban san da wane baki za ka faɗa ba. Afirka ta Kudun ma har yau mafi yawan gonakinta na kasuwanci suna hannun fararen fata, abin da shi kansa bai ɓoye ba. Sannan akwai tsoron da ya wajaba mu Hausawa mu saurara da kunnen basira, domin mu ne masu yawa. Ƙaramar ƙabila a Filato ko kudancin Kaduna ko Taraba, idan aka ce mata daga yau zama shi ke ba da haƙƙi, abin da take ji shi ne nan da shekara talatin za a rinjaye ta da ƙuri'a a kan kabarin kakanninta, harshenta ya ɓace. Mu ma irin wannan tsoron ne ya sa muka riƙe raba-daidai, don kada waɗanda suka riga mu boko su cike mana ma'aikatu. Duk gyaran da bai amsa wannan tsoro ba, ba zai wuce majalisa ba, in ma ya wuce zai haifi wani rikicin.

Ni abin da nake gani mai yiwuwa shi ne a raba abubuwa biyu da Bature ya ɗaure wuri ɗaya. Sarauta da harshe da bukukuwa da wuraren tarihi su zauna a hannun masu su, doka ta kare su. Makaranta da asibiti da aikin gwamnati da tsayawa takara kuwa su bi haihuwa a wuri, ko zaman wasu shekaru da doka za ta ƙayyade tare da biyan haraji. Tallafin waɗanda aka bari a baya kuma a auna shi da halin da ƙaramar hukuma ke ciki, ya shafi duk yaron da ya yi firamare a cikinta. Ɗalibanmu na shari'a su duba kundin 1999, za su ga rabin aikin a rubuce yake: sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin tarayya, sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda asali. Matsalar ita ce sashe na 15 yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana a kai gwamnati ƙara a kansa, alhali sharaɗin ɗan asalin jiha na sashe na 147 wajibi ne a kan kowane shugaban ƙasa ranar da zai naɗa ministoci.

A nan zan dakata, shugaban taro, don a sami lokacin tambayoyi.